Abin da Ya Tsaya wa Kawu a Wuya

Kawuna mai gyaran agogo ne, kuma tun tasowata ban san shi da kiran abu da sunansa ba. In shayi bai ji sukari ba, ba zai ce a ƙara masa ba. Sai ya kurɓa, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "Ashe masu rake sun yi ƙaura." In baƙo ya zauna har zaman ya gundure shi, sai ya taka kujera ya shiga wana agogon bango, ko da kuwa da safe ya wana shi. In an kawo masa agogon da ya riga ya mutu murus, ba ya cewa ba zai gyaru ba. Yakan mayar wa mai shi da hannu biyu, ya ce, "Wannan bawan Allah ya yi aikinsa a duniya, a bar shi ya huta."

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, daf da inda motocin haya suke tsayawa. Akwatin gilashi ne a gaba, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai ƙananan gwangwanayen alewa da ya cika da kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. In ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya ya ɗauki hantsaki, hayaniyar titi ba ta shafe shi ba. Kusa da shi akwai mai yanka makulli, amininsa, wanda suka tsufa tare suna zagin juna. Mai Makulli ya zubar da yawancin haƙoransa tun da wuri, shi kuwa Kawu nasa a jere suke, farare, kuma ya san da haka. Kullum sai ya yi dariya ya nuna su, ya ce masa, "Rufe bakin nan, kamar tashar da motoci suka watse."

A gidansa na girma. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya je ya ɗauko ni daga hannun ƙanwarsa, mahaifiyata, ba tare da dogon bayani ba. Cewa kawai ya yi gidansa akwai tabarmar da ba ta da mai hawa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ba ta taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinta ba, ko a kwano ko a faɗa. Ranar da zan tafi karatu ƙasar waje, Kawu ya ɗaura mini wani tsohon agogo a hannu, ya ce kada in taɓa lokacinsa. "Ka sayi nasu ka ɗaura a ɗayan hannun. Agogo biyu ba sa faɗa in mai su ya san wanne ne na gida." Na daɗe a can fiye da yadda na yi niyya. Da na dawo, gemu ya fara furfura, gidan duka suka laƙaba mini Baƙo.

Duk wanda ya zauna da Kawu ya koyi sauraro irin nasa: ka ji abin da ya faɗa, ka ajiye shi gefe, ka nemi abin da yake nufi. Mun ƙware a wannan har muna alfahari da shi. Shi ya sa ranar da ya faɗi magana a miƙe, karo na farko a saninmu, ba wanda ya yarda da shi, kuma saura kaɗan hakan ya ci ransa.

Abincin rana ne, ba a daɗe da dawowata ba. Shinkafa da nama. Muna zaune mu huɗu: Kawu, Inna, ni, da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata. Yayyenta maza da suke aiki a wasu garuruwa sun ɗora mata wani saƙo mai nauyi, ta kuwa zaɓi lokacin da Kawu yake tsakiyar tauna ta sauke shi.

"Baba, mun yi shawara da su Yaya. Idonka ya fara gajiya, ga hawa mota kullum. Muna ganin lokaci ya yi da za ka rufe shagon nan ka huta."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ko dariya, ban sani ba. Sai ya ƙware. Ya yi tari mai ƙarfi, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ɗauki kofi ya kurɓa, na ga ya runtse ido kafin ruwan ya wuce. Ya ajiye cokali, ya sa tafin hannu ya rufe baki, ya ce daga bayan hannun, "Wani abu ya tsaya mini a wuya."

Ya tashi ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a shinkafarta. Ni kuwa na zauna shekaru cikin mutanen da in sun ce wuya, wuya suke nufi, sai na ce, "Ko dai ƙashi ne ya maƙale masa?"

"Haba Yaya," in ji Auta tana share ido. "Zaman waje ya cinye maka Hausa. Naman nan ni na gyara shi, ko ɗigon ƙashi babu. Maganata ce ta tsaya masa."

Inna ma ta gyaɗa kai. "Ku ƙyale shi ya huce. Shagon nan ya girme ku duka."

Maganarsu ta yi ma'ana. Mutumin yana numfashi, ya yi tafiya da ƙafarsa, kuma ga dalilin fushi a fili. Na bar maganar.

Da yamma Auta ta ja ni muka je ban haƙuri. Muka tarar da shi zaune a bakin gado, ya naɗe bakinsa da mayafin sanyi duk da ana zafi, rediyo na ta magana a kan kanta, ga wani gwangwani a gefen ƙafarsa. Auta ta durƙusa.

"Baba, na janye. Su Yaya ma sun janye. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Na ga Kawu ya ɗan zabura da ta ambaci haƙori. Ya girgiza kai, ya ce a hankali, "Ba ke ba ce. Abu ne. Nan." Ya sa yatsa a ramin da ke ƙasan maƙogwaro.

"Na sani, Baba. Ai a nan baƙin ciki yake tsayawa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya juya mana baya, ya ɗaga mayafin ya tofar da yawu a gwangwani. Auta ta fito tana cewa bai huce ba. Yayyenta suka yi ta bugo waya ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin nasa ban haƙurin. Abincin da aka kai masa ya dawo yadda aka kai shi.

Da safe sai ga Mai Makulli. Ya ga rana ta ɗaga shagon Kawu a rufe, abin da bai saba gani ba. Ya shigo da leda a hannu, tun daga tsakar gida yake ɗaga murya.

"Ina tsohon banzan? An ce ka yi yaji a cikin gidanka! Ai mata aka sani da yaji, su ma fita suke yi."

Muka bi shi ɗakin. Kawu yana jingine da bango, da alama a haka ya kwana. Fuskarsa ta faɗa, goshinsa na naso.

"Kowa ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye," in ji Mai Makulli, amma muryarsa ta sauka da ya kalle shi sosai. Ya zauna a bakin gadon ya buɗe ledar. Burodi ne da ayaba. "To, in ma abu ne da gaske, ga magani. Ka yi loma babba, kada ka tauna, ka haɗiye ta tura shi ƙasa. Haka na yi wa jikana da ƙayar kifi."

Kawu ya kalli burodin kamar mai son gwadawa. Ya ce, "Sai dai in ka sassaƙa shi ƙanana."

Wani abu ya faru da maganar. Duk inda sautin "sa" ya zo, sai iska ta zille, ya fito da ɗan fito kamar butar shayi. Ni na ɗauka mayafin ne. Inna kuwa, wadda ta shigo da faranti, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta je wajen kantar ɗakin, ta sa hannu bayan rediyo ta ɗauko wani ɗan kofi shuɗi mai murfi. Ta buɗe, ta zura yatsa ciki, ta duba yatsan. A bushe yake. Ta mayar da kofin inda yake kafin Kawu ya waigo.

Sannan ta zo ta zare burodin daga hannun Mai Makulli.

"Ba abin da zai ƙara shiga bakin nan. Baƙo, tayar da mota. Asibiti za mu."

"Inna, me ya..."

"Mota na ce."

Kawu bai yi musu ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata ni.

A asibitin, wata nas ta tsayar da mu a bakin wani dogon baranda mai benci jere. Da ta ji abu ne a wuya, ba ta bar mu mun bi layi ba. Ta tambaya ko yana iya numfashi, ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta duba zafin jikinsa ta ce ya ɗan hau. Ta kai mu ɗakin likitar kunne da hanci da maƙogwaro, ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da shi. Inna ta tura ni. Ta ce ni na fi jin yaren likitoci.

Likitar mace ce, 'yar siririya, da fitila ɗaure a goshi. Ta ja kujera har gwiwarta ta kusa taɓa ta Kawu.

"Baba, sannu. Yaushe abin ya faru?"

"Rana ta faɗi a kansa, ta kuma fito a kansa."

Ta ɗaga ido ta dube ni. Na ce tun jiya da rana.

"Kana iya haɗiye yawu?"

"Baƙon ya tare ƙofa, masu gida ma sai sun yi kamun ƙafa."

Ta yi murmushi. "To, nuna mini ƙofar." Ya nuna ramin wuyansa. Ta tattaɓa gefe da gefe tana tambayar inda ya fi zafi, ko yana jin ciwon a ƙirji ko a tsakanin kafaɗu. Ta tambayi abin da yake ci, na ce nama ne marar ƙashi. Sannan ta ce ya kwance mayafin ya buɗe baki. Ya juya yadda ni zan kasance a bayansa kafin ya kwance. Ta danne harshen da ɗan katako ta haska.

"Baba, haƙoran nan biyu na sama fa?"

"Sun daɗe da yin sallama," in ji Kawu.

Bai yi ƙarya ba, kamar yadda za a gani. Ni kuwa da na kwashe shekaru ba na nan, kuma ban ga bakin ba, na ɗauka na can ciki take nufi, waɗanda tsufa ya ɗauka.

Aka kai shi aka ɗauki hoton wuya da ƙirji. Likitar ta ɗora hoton a kan allo mai haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ba ta ga wani abu ƙarara ba, amma kada mu yi saurin murna. Hoton nan ƙarfe yake kamawa da ƙashi mai kauri. Roba, ko itace, ko siririyar ƙayar kifi, suna iya zama a wurin hoto ya fito fes. Ta fesa masa wani magani a hanci, ta zura wata siririyar igiya mai fitila a ƙarshenta ta cikin hancin, tana kallon allo. Ni ma na kalla, don ban taɓa ganin cikin wuyan mutum ba. Ta nuna mini hanyoyi biyu, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Ta iska a buɗe take. A bakin ta abinci kuwa yawu ya taru kamar kududdufi.

"Wannan taruwar tana gaya mini akwai abu a ƙasa, inda igiyata ba ta kaiwa," in ji ta bayan ta zare. "Abin da nake so in sani shi ne mene ne. In tsokar nama ce kawai, sau da yawa takan yi laushi ta wuce. Sai in kwantar da kai, a sa maka ruwa da magani, mu ba ta zuwa yamma. In kuwa abu ne mai tauri ko mai kaifi, ba zan jira ba, don yana iya huda hanyar, kuma in ta huje magana ta canja. Baba, ka tuna da kyau. Ban da nama, akwai wani abu a bakinka lokacin?"

Kawu ya mayar da mayafinsa. Ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Nama ne mai taurin kai."

Ta dube shi na ɗan lokaci, kamar ba ta gamsu ba, sannan ta ce to, za a ba shi gado, za ta riƙa leƙo shi. Na fito na shaida wa Inna cewa za a jira zuwa yamma a ga ko naman zai wuce.

"Nama ya ce mata?"

"Haka ya ce."

Inna mace ce da ko ɗakin Kawu ba ta shiga sai da sallama. Ranar nan ta tura ƙofar likita ba ta nemi izinin kowa ba. Ba ta kalli likitar ba, gaban Kawu ta tsaya.

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa ko in faɗa?"

Ya ɗago yana kallonta kamar bai gane ba.

"Kofin bayan rediyo a bushe ya kwana," in ji ta. "Ba sa cikin kofi, ba sa cikin bakinka. Ina suke?"

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Kunya ce da mamaki, da wani abu na uku da na kasa ba suna. Ya sa hannu ya sauke mayafin har wuya, na ga giɓin, a gefen dama na sama, daidai inda dariyarsa take farawa.

"Likita," ya ce, da fiton nan a maganarsa, "haƙoran roba ne. Guda biyu a haɗe, a kan ɗan faranti. Su na haɗiye."

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ja kujerarta ta matso. "Na gode, Baba. Suna da wayar ƙarfe? Da akwai waya da hoto ya nuna."

"Da akwai. Ta karye kwanakin baya, na cire ta da kaina a shago. Na goge wurin da magagari, amma gefe ɗaya ya tsage, ya bar tsini."

"Kai ka gyara?"

"Mai gyara ba ya kai gyara."

"Yau dai ka kawo," in ji ta. Ta miƙa masa biro, ya zana mata siffar abin a bayan hannunsa, girmansa da inda tsinin yake. Ta duba da kyau, ta ɗaga waya ta ce a shirya ɗakin tiyata yanzu.

Kafin a tafi da shi ta yi mana bayani. Za a sa shi barci. Za ta zura bututun ƙarfe mai haske ta baki zuwa hanyar abinci, ta ciki kuma ta sa dogon hantsaki. Ba yanka za a yi ba, sai in abin ya ƙi, kuma ta ce ba ta ɓoye mana cewa wani lokaci yakan ƙi. Kawu, da ake ƙoƙarin sa masa ruwa a hannu, ya ce yana son ganin hantsakin. Nas ta ce ba a yin haka. Likitar ta nuna tsawonsa da hannuwanta biyu.

"In kin kama, ja za ki yi?"

"A'a, Baba. Sai na juya shi tukuna, tsinin ya kalli cikin bututu, sannan mu fito tare."

Ya lumshe ido. "Yarinyar nan ta iya aiki," ya ce da Inna, kamar likitar ba ta wurin.

Muka zauna a benci. Auta ta iso daga makaranta da alli a hannun rigarta, Mai Makulli kuma ya biyo mu a motar haya, har yanzu da ledarsa. Inna ba ta ce musu komai ba illa ana ciro abu. Ta ɗora hannuwa a cinya tana motsa baki. Na lura yatsan da ta zura a kofin nan shi take ta murzawa.

Ban san tsawon zaman ba. Na dai san na duba agogon da Kawu ya ba ni har na daina ganin hannuwansa. Can ƙofa ta buɗe, likitar ta fito, hular tiyata a kanta, da 'yar kwalba a hannu.

"Alhamdulillahi, ya fito gaba ɗaya. Tsinin ya ƙarce bangon hanyar, ya fara nutsewa, amma bai huda ba. Yau ba ci ba sha, sai ruwan da muke sa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Za mu sa ido kan zazzaɓi da ciwon ƙirji. In gobe lafiya, sai ya fara da ruwa-ruwa." Ta ɗaga kwalbar. "Allah ya taimake ku ba ku ba shi wani abu ya tura ba. Mutane suna yi, burodi, ayaba, loma. Da abu mai tsini irin wannan, turawar ce take huda."

Na ga Mai Makulli ya sa ƙafa ya tura ledarsa ƙarƙashin benci. Sannan ya matso ya leƙa kwalbar. Ya kalle ta, ya kalli Inna, ya sake kallonta.

"Haƙora ne?" Ya dafe kai. "Na roba? La ilaha illallahu! Mutumin nan tun muna da baƙin gashi yake ce mini tasha!"

Auta ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Inna ta karɓi kwalbar ta sa a jaka, ta riƙe hannun likitar da hannu biyu.

Washegari da hantsi na kai Inna ɗakin da aka kwantar da shi. Zazzaɓin ya sauka, an ba shi ruwa ya wuce, da zafi amma ya wuce. Muryarsa ta dushe. Na ja gefe wajen taga, amma ɗakin ƙarami ne.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun yaushe me?"

"Kin sani."

Inna ta gyara masa matashi. "Akwai wani saurayi mai keke, da yake bi ta bakin famfon unguwarmu kullum, alhali ba hanyarsa ba ce. Wata rana ya waiga yana kallon masu ɗiban ruwa, keken ya hau dutse, ya kife a kan bakinsa. Ya tashi ya ruga da hannu a baki, ya bar takalmi ɗaya. Aka daina ganinsa. Da ya dawo, sai ga haƙora cif, har sun fi na da kyau."

"Kina wurin?"

"Wa kake kallo da ka faɗi?"

Kawu ya rufe ido. Ta ci gaba tana ninke mayafinsa.

"Tafiye-tafiyen nan da kake yi wani gari, wai sayo kayan gyara, ka dawo da aljihu wayam da sabuwar dariya, duk ina gani. Kuma kai a zatonka ruwan kofin nan shi yake canja kansa?"

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka so a ce ban sani ba, ni kuma ba abin da ya rage ni da shi. Da ba don jiya ba, da da shi za a binne ni." Ta ajiye mayafin. "Abin da ya dame ni, har da ni a masu cewa fushi kake. Na bar ka ka kwana da shi."

Na jira in ji da wane karin magana zai amsa, don na san yana da su buhu-buhu. Sai ya ce, "Na gode."

Shi ke nan. Inna ta juya ta shiga gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara.

Bayan ya warke, shi da ita suka je wurin likitan haƙori na kan titinsu, da rana tsaka, wanda Kawu ya yi shekaru yana kauce wa ƙofarsa don kada a gan shi. Aka yi masa sababbi masu kama baki sosai, aka kuma gargaɗe shi cewa in sun yi sako-sako ya kawo su, kada ya kai su shago. Maganar rufe shago ba wanda ya sake tayar da ita. Shi da kansa ya fara tashi da azahar, ya ce wai agogo ma in an cika wana shi tsinkewa yake.

Ranar da ya koma aiki na raka shi. Mai Makulli ya share masa gaban shago, ya zauna yana goge wani makulli har Kawu ya gama jera gwangwanayensa. Sannan ya yi gyaran murya.

"Ashe tashar taka ma motocin haya ne a ciki."

"Na haya dai suna kai mutum gida," in ji Kawu. "Taka ko amalanke babu."

Suka yi dariya har mai jiran mota ya waigo. Na cire tsohon agogona na miƙa masa ya duba, don ya fara jinkiri. Ya maƙala gilashi, ya buɗe bayansa, ya ɗauki hantsaki. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina tuna siririyar likitar nan da ban ma riƙe sunanta ba, da nas ɗin da ta tsallakar da mu layi, da yatsan Inna a cikin busasshen kofi.

Gidan dai ya sami sabuwar doka. Yanzu in Kawu ya yi magana, sai an tantance kafin a fassara. Kwanan baya muna cin abinci, Auta tana ba da labarin wata mota da take son saye, sai ya ajiye cokali ya dafe ƙirji ya ce, "Wannan magana ta yi mini nauyi a nan."

Auta ta riga ta miƙe, makullin mota a hannu. "Baba, Hausa ce ko asibiti?"

Inna ta ɗan karkata kai ta kalli bakinsa, ta saurari numfashinsa, sannan ta ci gaba da zuba miya.

"Zauna," in ji Kawu. "Wannan Hausa ce."